Fedal Mai Shan Ruwa

Duk wanda ya taɓa sayen bokiti ko bahon wanki a layin 'yan robobi na babbar kasuwar Maraɗi ya san Gado, ya kuma san ba a kiransa Gado gatsau. Mayestiro ake cewa, wato gwanin kiɗa, in ana son ya saki fuska. A faɗarsa, kafin ya faɗa sana'ar roba shi ne mutum na farko da ya kaɗa jitar lantarki tsakanin Gulbin Maraɗi da iyakar Najeriya. Wai akwai wani biki da ya ja tsirkiya ɗaya, fitilun unguwar gaba ɗaya suka ɗauke. In ka tambaye shi wa ya gani, sai ya girgiza kai ya ce duk sun rasu, Allah ya ji ƙansu.

Akwai wani gurup a wasap mai suna 'Yan Tsirkiya Shida, na masu son jita da kayanta. Mutanen Agadas ne a ciki da na Yamai da Damagaram, har da na Katsina. Aikinsu musu a kan ampili mai ƙara wa jita ƙarfin sauti, da bafal, wato lasifikarsa, da fedal, wato ɗan akwatin nan da mai jita ke takawa da ƙafa don muryar jitar ta sauya. Shugaban gurup ɗin shi ne Mushe Toma, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri, wanda ke kaɗa jita a majami'arsu ranar Lahadi. Tare suka taso da Gado, shi ya sa ya shigar da shi.

Tun da Gado ya shiga, babu wanda ya sake turo kiɗa ya kwana lafiya. Ko mene ne aka turo, amsarsa ɗaya ce: "Da sauranka. Wannan sautin mun yi shi mun bari tun kana goye."

Ana nan sai gurup ya shiga yayin tono tsofaffin kaset. Kowa ya buɗe akwati ya zaƙulo kiɗan gwaji da ya ɗauka yana saurayi, ya turo a sha dariya, a yi ta cankar irin kayan da ya yi aiki da su. Kowa ya turo, ban da Mayestiro. Shi dai sharhi yake yi.

Wani Zakariya'u na Agadas, wanda aka ce ɗaki guda ya cika da fedal, shi ya fara ƙosawa. Ya rubuta cewa ko Mayestiro ya turo nasa, ko ya kama bakinsa. Da yamma Toma ya kira Gado a salula.

"Gado, ni na shigo da kai. Mutane sun taso ni gaba. Ko ka turo wani abu, ko in fitar da kai."

"Mushe, tausayinsu nake ji. In suka ji nawa, rabinsu itacen girki za su yi da jitarsu."

"To, bari su yi. Turo."

Gado ya koma gida ya birkice ɗaki. Can ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin tsofaffin zannuwan matarsa Atika, ya ci karo da wani kaset da aka rubuta wa "Gado, Jiratawa". Nan take ya tuna. Yana saurayi ya taɓa arar jitar wani baƙo na yini ɗaya, ya gudu da ita lambun kawunsa a Jiratawa don kada babansa ya gani. An yi ruwa ranar. Ya ajiye rediyo mai kaset a bakin kwalbati, shi kuma ya koma gindin mangwaro ya yi ta kaɗawa. Abin da bai tuna ba shi ne jitar lantarki ce, kuma babu ampili.

Ya aro tsohuwar rediyo, ya zura kaset, ya jingina salula kusa da ita, ya fita alwala. Da ya dawo ko saurare bai yi ba, ya tura. Ya rubuta a ƙasa: "Ku zauna kafin ku kunna."

Kafin ya gama cin tuwo salula ta ɗauki ruri. Wani ɗan Yamai ya ce bai taɓa jin sauti mai kauri irin wannan ba. Wani ɗan Katsina ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Zakariya'u da kansa ya turo murya yana haki: "Mayestiro, na tuba. Wannan fedal ɗin wa-wa ne, amma wane iri? Na gwada duk nawa, babu mai wannan laimar."

Gado ya miƙe ƙafa, ya kira Atika ta zo ta ji wanda take aure. Ya kunna. Aka ji wani ɗan ƙiris-ƙiris can nesa kamar ɓera a rufin kwano. Sai kuma wata murya ta taso mai kauri tana rawa, don zafin shekaru ya miƙar da zaren kaset ɗin: waaak, waaak, wo-wo-waaak.

Atika ta ce, "Kwaɗi ne."

"Ke, mi kika sani a kiɗa? Wa-wa ne."

"Wawa kam akwai shi a wurin, ban musa ba. Amma masu kukan kwaɗi ne. Ga na biyun nan ya amsa."

Gado ya sake kunnawa, ya kasa kunne. Kwaɗi ne. Ya ɗauki salula don ya goge, sai ya ga saƙonnin yabo sun ƙaru, har wani ya sa hotonsa a fuskar gurup. Yatsansa ya kauce daga gogewa, ya rubuta: "Ba a sayar da shi. Ni na ƙera da hannuna. Sunansa Gado Turbo."

Zakariya'u ya amsa nan da nan cewa Asabar mai zuwa yana tafe daga Agadas, ko a kan buhun albasa ne, sai ya ga Gado Turbo da idonsa. 'Yan Katsina suka ce su ma. Toma ya yi murna ya ce a yi taron a gidansa a Tsibiri, zai fito da ampilin majami'a.

Atika ta ce, "Sai ka ce musu ya ɓace."

"Mayestiro ba ya ɓatar da kaya. Abin da aka yi sau ɗaya ana iya sake shi. Miƙo mini bokiti."

Washegari da hantsi ya sauka Jiratawa wajen Tanimu, ɗan kawunsa, mai lambun zogale da albasa. Taubasai ne, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Kwaɗi nake so, masu murya."

Tanimu ya dube shi sama da ƙasa. "Robobin ne ba sa tafiya har abin ya kai ga haka? Ka faɗa mini in ba ka zogale."

"Ba ci zan yi ba. Aiki zan ɗauke su."

Bazara ce, kwaɗi sun yi wuya, sai can inda injin ban ruwa ke zuba. Gado ya naɗe wando ya shiga. Ba kowane kwaɗo yake ɗauka ba. In ya kama sai ya kai kunne ya ɗan girgiza, in bai gamsu ba ya ce, "Kai muryarka ta amarya ce," ya jefar. Manoma suka bar aiki suka jeru a bakin kwalbati suna ba shi shawara. Wani ya nuna masa wani ƙato a kan dutse ya ce wannan shi ne limaminsu. Gado ya yi tsalle, kwaɗo ya yi nasa, Gado ya sauka ruf da ciki a fangalin albasar Tanimu, ya kwantar da ita kamar an shimfiɗa tabarma. Amma da ya tashi, ƙaton yana cikin hularsa.

Tanimu ya ce, "Albasata, Gado!"

"In na yi suna a duniya zan ambaci lambunka."

Ya kawo su gida ya zuba a baho, ya zauna a gabansu yana jira. Suka zuba masa ido, ya zuba musu. Ko tari babu wanda ya yi. Ya kunna musu kaset ɗin kakanninsu, shiru. Ya yi musu kukan da bakinsa don su tuna, har ya shaƙe. Da ya gaji ya tafi masallaci, suka fice suka bazu a gida. Maƙwabciya ta shigo gaisuwa, Atika ta ɗebo mata ruwa a randa, maƙwabciyar ta kai moɗa baki, sai suka haɗa ido da wani a ciki. Ihun da ta yi ya fi duk abin da ke cikin kaset.

Atika ta tare shi a zaure. "Malam, ko ni ko su."

"Zuwa Asabar ne kawai. Baƙi ne, ki yi haƙuri da su."

Wani tsoho a majalisa ya ce masa kwaɗo ba ya kuka sai ya ji ruwan sama. Gado ya ce dama ya sani, gwada shi yake yi. Da azahar, rana na dukan tsakiyar ka, ya tattaro kwaɗin ya mayar baho, ya hau rufin kwano da bokiti biyu da rariya, ya shiga zuba ruwa shaaa. Matan unguwa suka fito da gudu suna kwashe shanya. Mai tuyar ƙosai ta rufe kaskonta da faifai. Wani dattijo ya fito yana hamdala ya ɗaga kai, maimakon hadari sai ya ga Gado tsaye da rariya.

"Mayestiro, kai ne damina bana?"

Gado ya juyo zai ba da amsa, santsi ya kwashe shi, ya sulalo ya faɗa kan turken akuya. Yana kwance, akuya na shinshinar kunnensa, sai ya ji daga baho: waaak.

"Kun ji! Ruwa yake so!"

Daga nan aka shiga ƙira. Ya samo tsohon akwatin ƙarfe na kayan gyara, ya huda masa ƙofofin iska, ya shafe shi da baƙin fenti. Ya cire makirfon lasifikar da yake tallar robobi da ita ya ɗaure a ciki. Ya rataya gorar ruwa da siririn tiyo a gefe, ya sa gashin kaza a jikin waya, yadda in an taka zai yi wa kwaɗin da za a sa ciki cakulkuli. Saura abin takawa. Ya duba gida bai samu ba. Ya leƙa waje, sai ga moto, wato babur, na maƙwabcinsa Ya'u ɗan kabu-kabu a jingine, mai shi yana wajen mai shayi. Gado ya dubi burkin ƙafa, ya ga kamar don Gado Turbo aka yi shi. Ya kwance shi tsaf.

Safiyar Asabar ce. Gado ya sa babbar riga da baƙin tabarau, ya zuba kwaɗin a akwati, ya rufe shi da zanen Atika, ya kira Ya'u ya kai shi Tsibiri. Suna fita gari Ya'u ya murɗa, iska na kaɗa rigar Gado. Can gaba amalanken shanu ya gitta hanya. Ya'u ya kai ƙafa zai taka burki, ƙafar ta wuce fayau. Ya sake, ta sake wucewa. Na hannu kuwa tun bara ya mutu.

"Innalillahi! Ina burkina?"

"Kwantar da hankalinka, yana tare da mu. Ga shi nan a cinyata."

Ya'u ya kauce wa shanu, ya sauka titi, ya ratsa gona yana jan ƙafafu a ƙasa, suka nutse cikin tarin karan gero har wuya. Gado ya ɗaga akwati sama kamar mai tsallake gulbi da jariri. Ya'u ya tofar da kara ya ce yau sai ya ga jinin Gado. Gado ya ce a bari a gama taro tukuna, ai tarihi burkin zai shiga. Suka ƙarasa Tsibiri a ƙasa, Ya'u na tura moto yana zagi, Gado na gaba yana gyara tabarau.

Gidan Toma ya cika. Zakariya'u ya iso da rawaninsa, idanunsa jajur don tafiya. 'Yan Katsina sun shimfiɗa tabarma. Wani ya ɗaga salula yana nuna wa sauran 'yan gurup kai tsaye. Susana, matar Toma, ta kawo zoɓo a babban kwano. A tsakar gida ga ampilin majami'a a kan tebur, an goge shi yana ƙyalli.

Toma ya ja Gado gefe. "Ampilin nan shi ke nan gare mu, ba mu da wani. Gobe akwai ɗaurin aure, ni zan yi kiɗa. Ka bi shi a hankali."

"Mushe, ampili irin wanga nawa na lallasa, ka san adadinsu?"

"Abin da nake tsoro ke nan."

Gado ya yaye zane. Mutane suka matso. Zakariya'u ya durƙusa yana kallon akwatin kamar mai ziyara, ya kai hannu zai taɓa, Gado ya buge hannun. Sannan ya kwance bakin gora ya tsiyaya ruwa ta tiyo.

Zakariya'u ya zaro ido. "Ruwa, Mayestiro? A cikin kayan lantarki?"

"Ƙarfinsa ne ya yi yawa. In ba a ba shi ruwa ba sai ya kama da wuta. Naku da ba sa shan ruwa ai kayan wasa ne."

Ɗan Katsina ya gyaɗa kai ya ce dama ya taɓa jin haka.

Aka jona wayar akwatin da ampili, aka miƙa wa Gado jitar Toma. Ya rataya ta a juye, Toma ya gyara masa, Gado ya ce salon da ne. Ya kai mata duka, ta ce ƙwarang, kamar an jefar da faranti. Ya taka burki. Shiru. Ya sake duka, ya sake takawa. Shiru. Gumi ya fara bin tabarau.

"Yana ɗumama ne."

Ya yi ta duka yana takawa, har Toma ya rufe ido saboda tsirkiyoyinsa. Da hannunsa ya gaji, ya ajiye jitar a kan tabarma, ya ɗauki kofin zoɓo. Yana kai wa baki ampili ya tsage: WAAAK!

Zakariya'u ya dubi jitar da ke kwance, ya dubi hannun Gado da ke riƙe da kofi.

"Mayestiro, ai ba ka taɓa ta ba."

Gado ya haɗiye zoɓo da ƙyar. "Wanda na kaɗa ɗazu ne, sai yanzu ya iso. Ajiya yake yi."

Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Mai salula ya ce 'yan Yamai suna ta turo alamar wuta. Kafin a lafa ampili ya sake: wo-wo-WAAAK, waaak!

"Wannan fa?"

"Wannan wanda zan kaɗa nan gaba ne. Wani lokaci yana riga ni."

Zakariya'u ya dafe ƙirji ya zauna daɓas. Ya ce shekarunsa duk a banza ya yi su.

Waɗanda ba su ruɗu ba su ne agwagin Susana. Tun kukan farko suka ɗago kai daga bayan randa. A na biyu suka jero, toro a gaba, suka ratsa tsakanin baƙi ba sallama, suka kewaye Gado Turbo. Toron ya karkata kai, ya leƙa ƙofar iska da ido ɗaya, ya kai sara.

Susana ta ce, "Mi agwagina ke nema a jikin injinka, Gado?"

"Dabbobi sun san kiɗa, Madam. Kai, kas! Kas!"

Toro bai san kas ba. Ya zura baki a hudar yana ja. Akwatin ya fara motsi da kansa, yana tsalle kaɗan-kaɗan a kan ƙasa, ampili na fitar da ƙugi da fasa-fasan ruwa. Ɗan Katsina ya ja da baya yana addu'a. Gado ya kai wa toro shuri, ya kuskure, ƙafarsa ta sauka kan burki da dukan nauyinsa. Murfi ya yi sama.

Kwaɗi suka fito kamar an buɗe ƙofar lakwal. Ɗaya ya sauka a kwanon zoɓo. Ɗaya ya shige rawanin Zakariya'u, shi kuwa ya shiga warware rawanin yana juyi yana salati, rawani ya ƙi ƙarewa. Agwagi suka bi sauran ta ƙarƙashin tabarma da tsakanin ƙafafun mutane. Mai salula ya haye kujera bai daina ɗauka ba, yana ihu, "Kwaɗi ne, jama'a! Gado Turbo kwaɗi ne!" Ya'u ya kutsa cikin rikicin ya fizge burkinsa ya sa a aljihu. Gado ya juya zai gudu, wayar jita ta harɗe shi, ya zauna cikin kaskon ruwan agwagi, tabarau a haɓa.

Ƙaton nan na kan dutse, da ya ga toro ya nufo shi, ya yi tsalle ɗaya ya hau tebur, ya yi na biyu ya shige ramin iska da ke gaban ampili, ya ɓace.

Da ƙura ta lafa, Zakariya'u ya tsaya a gaban Gado, kansa ba rawani, yana huci.

"Daga Agadas na taso. A kan buhu na zauna."

"To ai ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Toma ya haska ramin ampili da salula, idanu biyu suka haska shi. Ya girgiza ampilin, ya kifa shi, ya buga bayansa. Aka kawo sukundireba, kusoshin sun yi tsatsa sun ƙi motsi. Ya ɗauki jitarsa ya gwada waƙar da zai kaɗa wa amarya gobe, a hankali, mai daɗi. Yana kaiwa ƙarshen baiti, daidai inda mawaƙa ke amsawa, ampili ya ce waaak.

Ya sake wani baitin. Waaak.

Baƙi suka zube a ƙasa don dariya, har Zakariya'u ya kasa riƙe fushinsa. Toma kaɗai bai yi ba. Ya ajiye jitar, ya tsinci gashin kaza a ƙasa, ya miƙa wa Gado.

"Ba za ka bar gidan nan ba sai ya fito."

Gado ya tashi daga kasko, riga na ɗiga. Ya karɓi gashin, ya kwanta rub da ciki a gaban ramin, agwagi sun jeru a bayansa suna jira su ma. Ya zura gashin yana lallashi ƙasa-ƙasa, yana cewa a fito a rabu lafiya, an sallami kowa. Kwaɗon ya ƙara matsawa ciki. Gado ya daɗe a haka. Can ya ɗago kai ya dubi Toma, fuska duk taɓo.

"Amma Mushe, tsakani da Allah, ka yi sa'a. Kowa fedal daban yake jonawa da waya. Kai na sa maka naka a ciki."